Ƙashin da Ke Wuyan Baba

Maraɗi

Ƙanena Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya baƙunta? Maganar Baba ce. Tun da na dawo da shi wurina nan Maraɗi, garin da ya taso, ya yi zazzaɓin nan, ya daina Hausa. Faransanci kaɗai yake yi, abin da duk tasowarmu a Katsina ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Ni ba na ji, kai ma haka. Yana wuni dafe da wuya, in mun yi magana ya kawar da kai. Likita ya ce tsufa ne. Tsorona kada ya tafi ba mu samu ko kalma ɗaya daga gare shi ba.

Yayarka, Barira

Sentul, Kuala Lumpur

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, shago yana tafiya, alhamdu lillahi.

Ki share hawaye. Mutumin da ya sauka garin nan da takardar sakandare kaɗai, yau yana da ma'aikata a shagon kayan waya, ba zai rasa dabarar wannan ba. Baba ya ɗauka har yanzu zamanin Bature ne, to labari zai warkar da shi. Ki gaya masa hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki kawai. Da ma Faransancin ba gadon kowa ba ne. Bature ya shigo da shi ofis da aji, da ya tafi, waɗanda ya karantar suka rubuta shi cikin doka. Nan kuwa da Turawan Ingila suka tattara, mutanen suka sa Malay ɗinsu a gaba, daga kotu har allon tashar jirgi. Ni a teburin mamak, wato masu shayin garin nan, na koye shi, ba wanda ya ɗaga mini bulala.

Ki faɗa masa da ƙarfi, ki ce in ji ni. A gaida maigidanki.

Abdulbaƙi

Maraɗi

Abdulbaƙi,

Bayan gaisuwa. Na faɗa masa, bai ko ɗago ba. Jiya Malam Kalilu, wanda suka yi aji ɗaya, ya zo dubiya. Da ya saurari Faransancin Baba sai ya gane. Ya ce a makarantarsu akwai wani ƙashin jaki a igiya, sambol suke ce masa. Yaron da aka ji ya yi Hausa, a rataya masa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana Hausa ya miƙa masa, wanda aka tashi daga makaranta yana wuyansa shi ke shan duka. Baba gani yake ƙashin yana wuyansa. Abin da yake maimaitawa wai shi ne bai ji kowa ba, bai ji kowa ba. Mu yake rufa wa asiri.

Ciwon Baba ya yi nisa. Ka bar wasiƙa, ka kira ta bidiyo.

Barira

Sentul

Yaya,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Kin tambayi abin da ya faru da kika jingina masa wayar kika fita ɗebo ruwa. Na ce, "Baba, Abdulbaƙi ne. Ga shi na yi Hausa, kowa ya ji. Miƙo mini."

Ya daɗe yana kallona. Ya kai hannu wuya, na zaci cirewa zai yi. Sai ya damƙe, ya duba bayansa, ya matso ya ce da Hausa, a hankali, "Yi shiru, ɗana. Dukan da zafi."

Iyakar abin da na samu ke nan.

Ɗazu a jirgin ƙasa wani ɗalibi ɗan Kano ya yi mini sallama. Kafin in amsa sai da na waiwaya, na kuma tarar da hannuna a wuya.

Ƙaninki, Abdulbaƙi