Azumin Larabar da Na Daina Ban Faɗa Mata Ba

Salama gare ku, mai kula da wannan shafi da masu karatu, Kirista da Musulmi. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi.

Hannunta na fara gani. Lahadin farko da na shiga 'yar majami'armu ta Bodinga, ina amarya daga wajen Zuru, ban san kowa ba, sai na hango wata dattijuwa cikin matan zumunta tana buga tulu, idonta a rufe, tafin hannunta duk kanta saboda matsar ƙuli. Ni kuwa tun ina makaranta littattafan soyayya ne abincina, duk wanda na gani sai na ba shi matsayi a labarina. Nan take na ce a raina, ga uwar da za ta tsinci jaruma a baƙon gari. Zan kira ta Mama Rahila. Mijinta ya rasu, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Shagari, duk Lahadi sai ta shigo motar haya ta zo sujada.

A zumuntarmu akwai wata al'ada. Farkon shekara matar fasto takan haɗa mata biyu-biyu su zama abokan addu'a. Kowacce ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ke ci mata rai, ku zaɓi rana ɗaya a mako ku yi azumi daga safe zuwa faɗuwar rana. Ba don kanki kike yi ba, ke ki ɗauki nata, ita ta ɗauki naki. Aka haɗa ni da Mama. Na ce mata ina son haihuwa, ina son Allah ya buɗa wa mijina, wanda a lokacin ɗinkin buhunan albasa yake yi wa dillalai. Ita abu ɗaya ta ce: ɗanta Bitrus ya tafi Legas neman aiki, tun daga nan ko gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ki ɗauke mini Bitrus, ni zan ɗauke miki gidanki." Muka zaɓi Laraba. Da shekara ta ƙare za a sake haɗi, ta ce wa matar fasto, "Ki bar mini amaryata, ba mu gama ba."

Da gaske na yi a farko, Allah shaida. Nakan durƙusa a kan siminti in yi ta kuka saboda mutumin da ban taɓa gani ba. Har na tsara yadda zai dawo: ana yayyafi, ya sauka a tashar Shagari da jaka ɗaya, ya faɗi a ƙafafun uwarsa, ita kuma ta nuna ni ta ce ga wadda ta roƙo ka.

To, nawa roƙon aka fara amsawa. Na haihu, na sake haihuwa. Mijina ya soma sayen albasa da kansa wajen manoman Dingyadi da Lambara, ya adana ta sai ta yi tsada, ya loda tirela zuwa Kudu. Muka gina gida mai tayil, ga sola, ga mota. Littattafan da na karanta duk a nan suke ƙarewa, jaruma ta sha wuya, ta shiga gidan daula, a rufe littafi. Babu wanda ya gaya mini abin da ake yi washegari. Kada ku ɗauka na bar Yesu. Da na bar shi ma da na san matsayina. Mun koma babbar majami'a a cikin birnin Sakkwato, mukan isa an yi nisa da wa'azi, a kai mu kujerar gaba tunda mijina ne ya saya musu lasifika. Ina da ankon zumunta, ina ba da baikon kuɗi a majami'a, ina tura ayoyi a waya da safe ban karanta su ba. Addu'ata ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma ta cin abinci kaɗai. Me zan roƙa? Me na rasa?

Larabar farko da na karya, baƙin mijina ne suka zo, na ɗanɗana miya na ce zan rama. Ta biyu na ce ai ina shayarwa. Ta uku ban ma tuna ba sai da wayar Mama ta shigo da yamma. "Ɗiyata, an kai lafiya?" Na ce, "An kai, Mama, mun gode Allah." Shi ke nan ƙarya ta samu wurin zama. Duk Laraba sai ta kira, duk Laraba sai in amsa haka, wani lokaci da tsire a gabana.

Maƙwabciyata Inna Balki, Musulma ce da ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, ta san alkawarinmu tun muna gidan haya. Wata rana ta shigo ta same ni da farantin wainar ƙwai da hantsi, ta ce, "Ke amarya, yau ba Laraba ta ba? Ko an ɗage muku ita zuwa baɗi?" Na ce gyambon ciki ke damuna. Ta yi dariya ta ce, "Awo, ciwon masu tayil. Allah shi ba da lahiya." Na taya ta dariyar, amma wainar ba ta ƙara shiga ba. Duk da haka ban gyara ba.

Yanzu babbar 'yata ta kusa gama firamare, Bitrus bai dawo ba. Ni da aka roƙa wa, komai ya samu. Ita da na ce ina roƙa mata, shiru. Na san Allah ba ɗan kasuwa ba ne, amma ku gaya wa zuciyata haka.

Mama ta kamu da ciwon suga, likita ya hana ta zama da yunwa. Kwanan baya ta yanke jiki ta faɗi a gaban tirenta na ƙuli, ran Laraba. 'Yarta Ladi ta kira ni tana kuka, "Anti, ki zo ki yi mata magana, ke kaɗai take ji. Ga magani ga abinci, ta ce sai rana ta faɗi." Na tafi Shagari da lemo da madara, na same ta kwance a tabarma, ta rame, ido ɗaya ya daina gani sosai. Na ce, "Mama, ki huta hakanan, Ubangiji ya san zuciyarki. Ni zan ci gaba da nawa."

Ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗiyata, igiya ce mai baki biyu. In na saki bakina, da wane ido zan ce ki riƙe naki? Ke da kike cikin daɗi, ga nama ga sanyi, ba ki taɓa karyawa ba, sai ni? Duk ran da yunwa ta murɗe ni, nakan ce yarinyar can ma tana ji saboda ɗana."

Jama'a, na buɗe baki in faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "Haka ne, Mama." Fasto ya yi mata magana, ta ƙi. Ladi ta ɓoye mata kwanan wata, Mama ta ƙirga da ranar kasuwa ta gano Laraba. Larabar da ta wuce na gwada azumin da gaske, na kai har yamma, amma da na durƙusa in roƙa wa Bitrus sai na rasa ta inda ake farawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya daɗe da tashi daga unguwar.

Tana can kwance a ɗakin Ladi, ba ta iya zuwa sujada, ba ta iya suyar ƙuli, azumin nan kaɗai ya rage mata, kuma saboda ni take riƙe da shi. In na faɗa mata gaskiya, wataƙila ta ci abinci ta rayu, amma za ta san shekarun nan duka babu wanda ke ɗauke da ɗanta. In na yi shiru, likita ya ce faɗuwa ta gaba ba lalle ta tashi ba. Jibi Laraba ce. Don girman Allah, me zan yi?