Fentin Mota a Jikin Baka

Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Mama. Yaya hannun?

Damina ta sauka mana da ƙarfi a nan. Bakan da ka sassaƙa wa surukinka ya fara shan laima, ga shi ƙungiyarsu ta maharba tana da gasa. Na san Mama ta ce ka rufe shago tun da hannunka ya fara rawa, don haka ba zan dame ka ba. Maƙwabcinmu mai gyaran mota ya ba ni ragowar jan fenti, zan lafta wa bakan. Ai ruwa ba ya ratsa mota.

Taka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, kina da hankali kuwa? Baka yana lanƙwashewa yana miƙewa, mota tana yi ne? Fentin zai tsattsage, ruwa ya shiga ya rasa ta inda zai fita. Ki narka kakin zuma da man katako a wuta marar ƙarfi. Ki shafa kaɗan, ki goge da yawa, da tafin hannu, har itacen ya yi ɗumi. Ki kula da bakin nan biyu inda tsarkiya take zama, ta nan ruwa yake sata.

Ni na gama da wannan sana'a. Hannun da ba ya riƙe kofi bai zubar ba, ba zai riƙe wuƙa ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ku. Dabararki ta fara ci. Tun da wasiƙarki ta zo yake faɗa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don rabon da in ji muryarsa sama haka tun kafin ya zauna a kujerar nan yana kallon bango. Jiya ya tambaye ni ina mabuɗin shago, wai zai duba ko ɓera ya ci masa kaki. Ya shiga, ya daɗe, amma ya fito hannu wofi ya koma kujera. Tsorona kada kujerar nan ta cinye mini miji. Ki ƙara wuta.

Mamanki

Baba,

Barka da war haka. Na bi maganarka tiryan-tiryan. Kakin zuma ya yi wuyar samu, sai na narka kyandir da man girki, na shafa da kauri don ya fi riƙewa. Yanzu bakan yana sulɓewa a hannu, tururuwa kuma sun mai da shi hanya. Surukinka ya ce ko a sa a rana ya bushe?

Mai ƙaunarka,
Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Kada wanda ya sa bakan nan a rana.

Na buɗe shago don in haɗa miki na gaskiya in aiko. Da na gwada a jikin wani tsohon baka, sai na ga abin dariya: hannu mai rawa ya fi mai lafiya iya goga, shi da kansa yake aikin. Na ƙyalƙyale har Mamanki ta leƙo. Sassaƙa dai sai na sami mai riƙe mini wuƙa, amma shafi nawa ne.

Sannan ke da kika tashi a gindin tukunyar kaki, kina gyara mini haɗi tun ba ki kai tsayin teburi ba, ke ce za ki narka kyandir? Ki gaya wa Mamanki ta daina ɓoye wasiƙu a ƙarƙashin filo, ni ma a nan nake kwana.

Ina tafe Asabar da gwangwanin kakina. Na san bakan lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ki goge naki shafin, zan sake yi.

Babanki