Gishirin Mamman a kan asakena

Gangara, daren Laraba, watan Safar

Mamman ƙanen matata ya cuce ni. Ina can gona ina fama da noma, ya sayo kantun gishiri wurin Buzaye, ya jibge bisa zabirar askina. Rufin ɗakin yana yoyo, gishiri ya jiƙe ya tsiyaye ciki. Yau na buɗe, asakena duk sun yi ja da tsatsa, har wadda Baba ya bar mini.

Na kai wa maƙeri, ya goga a dutse ya girgiza kai. Ya ce da ruwa ne kaɗai da washi ya isa, amma ruwan gishiri rami yake yi wa ƙarfe, bakin ya mutu. Jibi kuwa sunan jikan mai gari, ni zan aske jaririn.

Na nuna wa Mamman, sai dariya. "Haba Yaya, gishirin da muke lasa ne zai ci ƙarfe? Lafiyar askarka lau."

Wai gobe in yi masa aski kafin kasuwa. Zan yi masa, wallahi, da askar Baba, kuma ba zan jiƙa kan ba.