Murafan Kwalba Sun Fitar da Ni Kunya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa ba ya ƙare mata, kin kuwa san a wurinmu wannan ita ce alamar lafiyarta. Auta ya fara tsiro gemu, madubin gidan ya zama nasa shi kaɗai.

Yaya, gyara zama, yau da labari na zo. Kin san shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu ba tare da takardar koyarwa ba, har kika raɗa mini suna Uwar Majina. To, bara aka kawo doka cewa duk wadda ba ta da takardar horo kan renon ƙananan yara da koyar da su, za a karɓe ajinta a ba wata. Ranar da shugabar makarantarmu ta gaya mini, ko abinci ban iya ci ba, don ajin nan shi ne rayuwata. Ana cikin haka wata cibiyar horar da malamai ta buɗe kwas na wata tara, kowace Asabar, don irinmu da muka tsufa a aiki. Na shiga da furfurata, na zauna cikin sa'annin babbar 'yata.

Da girman kai na je, ina ganin me za a koya mini a kan yara. Asabar ɗin farko aka sauke mini shi. Malamarmu ta ce ɗan shekara uku da hannunsa yake koyo, ba da maƙogwaro ba, ni kuwa shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina sa su ihun ɗaya, biyu, uku. Ta ce in yaro ya zo da magana, ka durƙusa idonka ya daidaita da nasa. Gwiwoyina sun yi ƙorafi, amma na bi. Na shiga tara murafan kwalba da kwalaye, na zuba yashi a tire, na shimfiɗa tabarma. Yara suka fara ware ja daban, kore daban, suna ƙirga abin da hannunsu ya taɓa. Akwai wata yarinya da muke kira 'Yar Shiru, wadda ta yi wata shida ba wanda ya ji muryarta a aji. Ita shuɗayen murafa take tarawa a gwangwaninta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Jarrabawar ƙarshe ba ta rubutu ba ce. Wata mai duba aiki ce za ta zo ta zauna a ajina safiya guda, in ba ta gamsu ba, ba takarda, ba aji. Ashe bayan na tashi ranar jajibirin zuwanta, shugaba ta leƙa ta ga kayana, ta ce wannan tarkace zai kunyata makaranta a gaban baƙuwa. Da zuciya ɗaya ta yi, Allah ya sani. Ta sa Baba mai shara ya kwashe komai, aka jera benci, aka liƙa sababbin hotuna. Da safe na shigo na tarar aji tas, baƙuwa kuma tana zaune a kusurwa da littafinta. Don ruɗewa sai na koma gidan jiya, na tsaya gaban allo muka kama ihun ƙirga. Na saci kallon matar, na ga ko murfin bironta ba ta cire ba.

Sai na ji ana jan zanina. 'Yar Shiru ce. Saura kaɗan in daka mata tsawa ta koma ta zauna, Allah ya taimake ni na durƙusa. Da wata siririyar murya ta tambaye ni ina shuɗayenta. Yaya, hawaye suka cika mini ido, maganarta ta farko ke nan. Nan take tsoro ya fita daga raina. Na gaya wa baƙuwa gaskiyar abin da ya faru, na jera yarana muka nufi bayan aji, inda ake zubar da shara, neman kayanmu. Baba mai shara ya ce ai bai zubar ba, ya ga wahalar da na sha wajen wanke su, sai ya ɓoye buhun. Muka kawo baho da sabulu, yara suka sake wankewa, suna warewa suna gardamar wa ya fi yawa. 'Yar Shiru ta ƙirga nata da ƙarfi har bakwai. Da na ɗago kai, baƙuwa ta tuɓe takalmi tana zaune a tabarma, biro yana ta gudu.

Makon jiya aka miƙa mini takardata. Ajina nawa ne! Har cibiyar ta nemi in riƙa zuwa ina nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake haɗa kayan koyo daga abin da aka yar. Shugaba ta ba ni haƙuri, yanzu jakarta kullum kacau-kacau take da murafan da ta tsinto mini. Inna ta sa an maƙala takardar a ɗakinta, duk wanda ya shigo sai ya karanta mata.

Ki gaishe da maigidan, da Ƙarami da 'yan biyu, da surukarki Hajiya. Inna da Auta da baban yara suna gaishe ki. In za ki zo, kada ki wahalar da kanki da tsaraba. Ki tara mini murafan kwalba, ki fi ba shuɗaye ƙarfi, akwai mai jiransu, kuma yanzu da bakinta za ta yi miki godiya.

Wassalam. Ƙanwarki,
Uwar Majina, mai takarda.