Sunan Malama Vugutsa

Litinin, 8 ga Mayu

Yau na buɗe shafin makarantarmu a kundin sani na intanet. Wai Mis Harlan Ba'amurka ce ta kafa ta. Mis Harlan da ta yi damina biyu ta koma gida da zazzaɓi! Malama Vugutsa, wadda ta tara 'yan mata a gindin mangwaro tun babu ko bango, ko sunanta babu. Na sa sunan.

Alhamis, 11 ga Mayu

An cire sunan. Wani mai gyaran shafin, ban san ƙasarsu ba, ya ce ina hujja. Ni da Malama ta koya wa riƙon alli!

Lahadi, 14 ga Mayu

Bayan sujada a coci na kai wa Malama ayaba. Ta rame sosai, shayin ma kurɓa biyu ta yi. Ta ce, "Kadenyi, an ce kin sa ni a cikin waya?" Na ce saura kaɗan, Mama. Ta yi dariya: "To ki yi sauri, ni ma saura kaɗan."

Laraba, 17 ga Mayu

Na samo tsohuwar jarida a laburaren birnin Kisumu, da sunan Malama ɓaro-ɓaro. Na mayar da sunan a shafin, na rubuta bayanina a tsanake. Mutumin ya ce jarida ɗaya ba ta isa ba, in babu mai ja zai mai da shafin yadda yake.

Ban amsa ba. Mu 'yan ɗariƙar Kirista ta Kweka, a taron shawara sau ɗaya mutum yake magana a kan batu, sai ya yi shiru ya bar gaskiya ta yi aikinta a zukata. Malama ce ta hore mu a kan haka.

Maigidana Agesa ya ce, "Ke dai, shi wannan ɗan Kweka ne? Ki ba shi amsa mana!" Na ce ya ci tuwonsa.

Talata, 23 ga Mayu

Mutumin ya sake cire sunan. Wai tunda kowa ya yi shiru, an amince.

Alhamis, 25 ga Mayu

Malama ta rasu da hantsi. Ban samu na gaya mata komai ba.

Asabar, 3 ga Yuni

Jana'iza. Jikanta da ya zo daga Nairobi ya tashi karanta tarihinta, ashe daga waya ya kwafo. A gaban akwatinta ya ce ta yi koyarwa a makarantar da Mis Harlan ta kafa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ɗana, ba haka ba ne." Ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Na sake miƙewa. Dattijo Lugalia, babba a cocinmu, yana ta yi min alama da hannu in zauna, ban zauna ba sai da na gama. Tsofaffin ɗalibanta suna ta kuka. Ni haushi ne ya hana ni.

Juma'a, 9 ga Yuni

Na ƙara samo hujja, littafi ɗaya mai sunanta. Na yi ta ja da mutumin har ya haƙura, sunan ya zauna. Da tun a watan jiya na yi haka...

Ranar Lahadi zan ba Dattijo Lugalia haƙuri, in na iya. Yanzu kullum na tashi sai na duba ko sunan yana nan. Kafin addu'a ma. Wannan kam, Agesa bai sani ba.