Kosiyon Gidan Yelwa

Ngong, 6 ga Janairu

Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida, da 'yata Hanan da ƙannenta, da duk mutanen Guider.

Direba ya kawo mini takardarki. Kin ce a waya ina cika ki da surutu, a rubuce kike son amsa. To ga ta. Kuɗin kosiyon, wato ajiyar da ake riƙewa ko za a yi ɓarna, da kika biya mini sa'ad da na kama haya a unguwar Yelwa ta Garwa, jaka ɗari da hamsin, har yau ba su fito ba. Wata biyu ke nan da na miƙa wa Baba Maurice, dillalin gidan, makulli. Ya zagaya ɗakuna, ya sa hannu cewa komai lafiya, ya ce in ba shi mako guda. Tun ranar ko wayata bai ƙara ɗauka ba. Na shiga Garwa na leƙa ofishinsa, na tarar da kwaɗo ya fi kaina girma.

Ki ƙara haƙuri, Yaya. Tsoho ne, kada mu matsa masa. Nan kuwa naman yana tafiya, masu manyan motoci sun fara sanin teburina.

Ƙaninki,
Mahfuzu

Guider, 9 ga Janairu

Mahfuzu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hanan tana gaishe da Kawunta.

Yaushe ka zama mai tausayin tsofaffi? Kai da ka bi mutum har gidan suna a kan kuɗin hanta rabin kilo! Ni haƙurina ya ƙare. Kuɗin nan na adashina ne, kuma ka san abin da na ajiye su dominsa. Makarantar koyon jinya ta ce in ba a cika kuɗin Hanan kafin ƙarshen wata ba, kada ta koma aji. Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci.

Rasit yana hannuna, da sunana. Ran Litinin zan hau motar farko in zo Garwa, in kai shi komisariya. In bai ji kiran waya ba, zai ji na 'yan sanda. Ka aiko mini da takardar da ya sa wa hannu.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa kasuwa.

Yayarka da ba ta wasa,
Hafsatu

Ngong, 11 ga Janairu

Yaya,

Salamu alaikum. Don girman Allah kada ki je komisariya. Ban aiko takardar ba, kuma ba zan aiko ba. Ki zauna ki karanta wannan ke kaɗai.

Da layyar bara na sayi fatun raguna wajen ɗari biyu, ina jiran 'yan Najeriya su zo su kwasa. Farashi ya faɗi, na ƙi sayarwa. Na zuba musu gishiri, na jibge su a ƙuryar ɗaki, a kan siminti, damina guda cur. Da na kwashe su, gishiri ya cinye daɓen, yana fashewa kamar ƙanzo, gindin bango kuma duk ya jiƙe yana zubowa. Ni ɗan mahauta, na san fata ba a ajiye ta sai a kan katako. Rowar kuɗin katako ce ta kai ni.

Ranar miƙa makulli na shafa farar ƙasa a bango, na turara ɗakin. Wurin da ya fi lalacewa kuwa, Yaya, darduma na shimfiɗa a kai, na ɗora carbi. Na san Baba Maurice Kirista ne, kuma mutum ne mai ladabi, ba zai taka ba, ba zai ɗaga ba. Haka aka yi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya leƙa daga nesa, ya sa hannu. Da ya juya na naɗe abata na bi bayansa.

Mutumin nan shi ya tsaya mini sa'ad da mai gidan ta ce ba ta ba mahauci haya. Cewa ya yi ya san Babanmu a mayanka shekara ashirin.

Kiran da na ce ina yi masa, sau uku ne kawai, kuma duk sa'ad da wayar ta katse sai in ji sanyi a raina. Ofishin ma daga tsallaken titi na hango shi. Kunya ta ishe ni. Ko salla na tayar a kan dardumar nan, hankalina ba ya kwanciya.

Ki yafe mini, ki roƙar mini Hanan.

Mahfuzu

Guider, 14 ga Janairu

Mahfuzu,

Salama. Takardarka a tasha ta same ni, ƙafata ɗaya a cikin mota. Na karanta ta sau biyu kafin mu kai Pitoa, na yi kuka mutane suna kallona.

Ban je komisariya ba. Gidan na nufa, in gani da idona. Can na tarar da tsohon, wando a naɗe, yana kwaɓa siminti shi kaɗai. Mai gidan ta riƙe kosiyon, ta kuma karɓe gidajenta uku daga hannunsa, ta ce ko makaho ne ko an saye shi. Ofishin ma ya saki, ba ya iya biyan haya. Ni da na zo da bakina cike da zagi, sai ga ni durƙushe ina ba shi haƙuri. Har ruwa ya sa aka kawo mini.

Na sayar da keken ɗinkina, Hanan za ta koma aji. Ban gaya mata dalili ba, kai za ka gaya mata da bakinka. Ban yafe ba tukuna, kada ka yi mini waya.

Ga 'yar takarda ya ba ni in aiko maka.

Hafsatu

Garwa, 13 ga Janairu

Ɗana Mahfuzu,

Ina gaisuwa. Jam na, in ji Fulani, kana lafiya? Ka yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce.

Na ga kiranka duka uku. Ban ɗauka ba don ba ni da magana mai kyau da zan faɗa wa ɗan abokina.

Madam mai gidan ta ce in gyara kafin ɗaya ga wata, sai ta duba abin da zai rage wa yayarka. Bayana ba ya ɗaukar buhun siminti yanzu. Ran Asabar ina farawa ƙarfe bakwai. Ƙofa a buɗe take.

Ka huta lafiya.

Maurice