Furen Waken Innarki

Zuwa ga ɗiyata Zahara'u a Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya buɗa miki karatu. Mu nan Magariya lafiya lau. Damina ta yi kyau, ƙanenki Khalil ya ƙi lissafi a lakwal kamar yadda ya saba, gwaggonki Fati kuma tana nan tana gyara mini rayuwa ba tare da na roƙe ta ba.

Tun rasuwar innarki ba ki zo gida ba, ko da hutu. Fati ta ce kin gaya mata ba za ki iya kallon ɗakin innarki ba. Ban ga laifinki ba, ni ma ta bayan rumbu nake zagayawa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Bara innarki ta so a ƙera miki ƴan kunne na azurfa, masu siffar furen waken gayaunarta. Husaini maƙerin garin Waca ya ce shi ba ya aiki da kwatance, sai an kawo masa furen da ransa. Furen wake kuwa da hantsi yake rufewa. Sau biyu tana tsinka da sassafe, kafin mota ta cika a tasha ya yi yaushi a hannunta. Na yi mata dariya, na ce na karanta cewa matan Fir'auna furen bado ake ƙera musu, sarakunan Hindu ma haka, ita kuwa duk furannin duniya ta rasa na zaɓa sai na abin da ke kumbura ciki. Ta ce matan Fir'auna ba da wake suka biya wa ƴaƴansu lakwal ba. Ta ce sai baɗi. Allah bai kai ta ba.

Na sami irin waken nata a tukunya, na shuka a tsohon bokiti. Da ya yi fure na ɗora bokitin bisa cinya har Waca. Yaron mota ya ce sai na biya wa waken wurin zama, wata tsohuwa ta yi mini addu'ar samun sauƙi. Husaini ya daɗe yana duban furen, ya ce ya tuna matar da ta zo masa da fure mai yaushi sau biyu.

Ƴan kunnen sun fito, na sa Fati ta ajiye su a ɗakin innarki. Kawunki Umar zai zo Yamai, ya ce in ba shi ya kai miki, na hana. A ɗakin nan ta so ta sa miki su, ni kuma ban iya shiga ni kaɗai.

Khalil da Fati suna gaishe ki. Ki gaida kawunki Wakili da iyalinsa. Waken yana fure har yanzu, amma kaka ta kusa.

Mahaifinki,
Mustafa